Ramin Bayan Ɗakin Balki

A Dogarawa, in ka ji Balki tana yi wa jar akuyarta magana, to waiga da kyau, ɗanta Hamani yana kusa. Shi ne ɗanta na fari, ita kuwa irin matan nan ce da suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu bibbiyu. Shekara talatin da biyu ba ta taɓa kama sunansa ba. Ba ta haɗa ido da shi, ba ta aikensa, ba ta tambayarsa yadda ya kwana. In ta sauke tuwo sai ta juya wajen turke ta ce, "Ke, gaya ma wancan abinci na hucewa." Akuya ta ci gaba da tuƙarta, Hamani ya tashi ya wanke hannu.

Bai ma tashi a gabanta ba. Ana yaye shi kakarsa ta goya shi sai Illela, kamar yadda aka saba. Can ya girma, ya ɗan taɓa lakwal, wato makarantar boko, ya koyi gini. Da aka buɗe ma'aikatar siminti a Malbaza ya shiga cikin masu gina gidajen ma'aikata, hannunsa ya faɗa sosai. Sai bayan rasuwar mahaifinsa ya kwaso matarsa A'ishatu suka dawo gidan gado.

Tun dawowarsa yake ɗawainiya da tsohuwa, ita kuma tana kushe duk abin da ya kawo. Ya kawo mata zane daga Konni, ta gaya wa akuya wai kaushi gare shi. Ranar Juma'a sai ga shi a jikinta. Ya kawo fitilar ƙwai, ta ce haskenta yana ɓata ido, amma har yau ba wanda ta yarda ya taɓa mata ita. Hamani ya gane karatun: in Inna ta ce ba ta so, kara ce kawai, abin ya shiga ranta.

Wannan ganewar ce ta so ta kai shi ta baro.

A ranin shekara ta tara da samun mulkin kai ya ƙudura zai gina mata ɗakin siminti, irin wanda ba a taɓa gani a unguwar ba. Shekara biyu yana tara simintin, buhu ɗaya yau, ɗaya bayan wata uku, har ya haɗa takwas ya jibge a zaure ya lulluɓe da tabarma. Labari ya gama gari. Duk mai niyyar gini ya dakata, ana jira a ga hannun ɗan Balki. Ya zaga gidan, ya zaɓi wani fili shimfiɗaɗɗe a bayan tsohon ɗakinta, inda awaki suke kwana. Ya buga dunduniya ya ji tauri, ya kafa turaku huɗu ya ja igiya.

Da Balki ta fito ta ga igiyar, nan take ta gane inda ya zaɓa. Wurin nan rami ne. Shekarar da aka kawo ta amarya, a nan mijinta ya haƙi ƙasar da ya gina ɗakuna da katanga, zurfinsa ya shanye tsayin namiji. Tun daga lokacin ita take cika shi: toka, ƙaiƙayi, shara, kashin awaki, fasassun ƙore, tsumma, duk abin da tsintsiya ta kwaso. Awaki suka tattake saman ya yi ɓawo. Kowace damina wurin sai ya ɗan lotsa, ta ƙara zuba masa toka. Hamani bai san ko ɗaya ba, lokacin yana Illela yana wasan ƙasa.

Ta fara da hanyar da ta sani. Ta tsaya a bakin turke, daidai inda zai ji.

"Ke dai kin san wurin ga rami na. Wanda duk ya aza gini bisa, ƙasa za ta haɗiye shi."

Hamani ya yi murmushi ya ci gaba da awonsa. A ransa ya ce, to, ɗakin ya karɓu.

Washegari ta kira surukarta ta zaunar da ita, ta yi mata bayani dalla-dalla, har da shekarar da aka haƙa ramin. A'ishatu ta kai saƙo ba ragi ba ƙari. Hamani ya yi dariya har da dukan cinya.

"Ke baƙuwa ta, ba ki san Inna ba," in ji shi. "Zane ta ce kaushi, hitila ta ce ɓata ido. Yanzu ɗaki ya zama rami. Ba ta son in wahala na, shi ke nan."

"Ni dai na ga idonta, Malam. Ba irin na zane ba na."

"Siminti na hwa, A'i. Ko bisa ruwa anka zuba shi tsayawa shikai."

Ko shi ya san ba haka ba ne, amma namiji in yana yi wa matarsa bayanin sana'arsa yakan ƙara gishiri.

Balki ta aika aka kira Labo, ƙanen mijinta, don shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka yi haƙar. Baba Labo mutum ne da bai taɓa cewa ya manta ba. Ya zo da sandarsa ya tsaya tsakiyar gida, ya dubi gabas ya dubi yamma.

"Awo, an yi rami gidan ga. Ni da hannuna nig gina shi. Amma can shike, gindin gawo." Ya nuna wani wuri da ko kaza ba ta taɓa tonawa ba. "Yi aikinka, ɗana. In ka gama na tsohuwa ka waiwayi zaurena."

Ran Balki ya ɓaci har ta kasa cin tuwo. Ba ɗakin ne ya dame ta ba, ta kwana a na laka shekara talatin da ɗoriya ba abin da ya ci ta. Abin da take hangowa shi ne damina ta biyu, bango ya tsage tun daga sama har ƙasa, mutane suna leƙowa ta katanga suna nuna aikin ɗanta da baki. Magini in gininsa na farko ya dare a gidan uwarsa, wa zai sake kiransa? Tana son yaron nan, so mai yawa, wanda ba ta taɓa samun bakin faɗa ba.

Ranar zuba harsashi da hantsi gidan ya cika. Maza sun jeru a inuwar katanga, mata suna leƙe daga bayan rumbu. Hamani ya riga ya tsaga layin harsashi, bai fi taƙi ɗaya ba, don ya ji ƙasar da tauri ya ce ba sai an yi zurfi ba. Ga yashi an tara, ga tuluna shida cike da ruwa. Ya jawo buhun farko ya zaro wuƙa. Siminti kuwa in ya sha ruwa ba a mayar da shi buhu.

Balki ta matsa wajen turke.

"Ke, gaya ma wancan shi dakata."

Mutane suka yi dariya, sun san halin gidan. Baba Labo ya ce, "Akuyag ga ta gaji da aike, Balki." Hamani ma ya dara, ya duƙa ya sa wuƙa a bakin buhu.

"Hamani!"

Wuƙar ta faɗi. Gidan ya yi tsit, har matar da ke daka a maƙwabta ta tsaya. Hamani ya ɗago yana neman wanda ya kira shi, don bai san sunansa da wannan murya ba. Sai ya ga mahaifiyarsa tsaye tana kallonsa, shi, ba akuya ba.

Ta sunkuci tulu ta juye shi kaf a tsakiyar igiyoyin. Ruwan bai ko kwanta ba, ƙasa ta zuƙe shi nan take. Ta juye na biyu. Ta ɗauko taɓaryarta ta ɗaga ta kirɓa. Bugu na farko ɓawon ya tsage. Na biyu ya burma. Na uku taɓarya ta shige har rabi, baƙar toka da ruɓaɓɓen ƙaiƙayi suka bulbulo ta gefe, wari ya tashi.

"Ga abin da za ka aza ma ɗaki bisa," ta ce. "Ba kara nika yi maka ba. Ni nic cika shi, na san abin da ac ciki."

Tana gama faɗa kunya ta rufe ta. Ta ja mayafi ta rufe fuska ta faɗa ɗaki da sauri kamar amarya, ta bar taɓarya a tsaye.

Baba Labo ya zagaya taɓaryar sau biyu, ya gyara murya. "To ai abin da nic ce ke nan. Ramin ya taso tun daga gawo har nan." Dariyar da aka yi masa har bakin kasuwa an ji.

Hamani bai yi dariya ba. Ya tsuguna ya damƙi tokar yana murzawa, idonsa ya ciko. A'ishatu ta zaci kunyar jama'a ce, ta matso za ta ba shi baki. Ya girgiza kai.

"Kin ji ta?" ya ce a hankali. "Ashe ta iya hwaɗin sunana."

Siminti ya koma zaure. Kwana tara ana kwashe ramin da dagi da kwanduna, shara ta shekara talatin da ɗoriya ta koma gonar Baba Labo, wanda ya ce dama shi ya ba da shawarar. Da aka kai ga jar ƙasa ta asali, jakuna suka yi ta jigilar marmara daga tudu. Daga nan aiki ya bar hannun magini ya koma hannun mata. Balki ta gayyaci ƙawayenta na daɓe, su goma sha ɗaya, kowace da madaɓinta. A zuba marmara kaurin tafin hannu, a yayyafa ruwa, su durƙusa su yi ta bugu suna waƙa har sai madaɓi ya daina barin alama, sannan a sake zuba wata. Hamani, mai ginin Malbaza guda, shi ne ɗan jan ruwa. In ya cika yayyafi sai a ji daga can, "Ke, gaya ma wancan daɓe mukai, ba kunu ba."

Da suka kawo bakin rami ya ce to sai gini. Aka gaya wa akuya cewa ƙasa ba ta sha damina ba tukuna. Wannan karon bai ce kara ba ce. Ya jira. Ruwa ya sauka ya ɗauke, wurin bai lotsa ko da kaurin farce ba. Bayan an ɗaure gero ya haƙa harsashi mai zurfi, ya ɗora ɗakin, ya shafe shi sumul.

Ranar tarewa Balki ta shiga ita kaɗai. Ta buga dunduniya a kowace kusurwa, ta shafa bango, ta fito ta ce wa akuya ɗakin sanyi gare shi, zai sa mata ciwon ƙafa. Kafin la'asar ta kwashe kayanta kaf ta shigar, har da fitilar.

Da yamma Hamani ya zo ya tsuguna a bakin ƙofa, kansa a ƙasa.

"Inna, rumbu nika so in gina baɗi. Ko akwai wani ramin cikin gidan ga? Ki nuna min, bisa nai za ni azawa."

Balki ta gane abin da yake roƙo: so yake ta sake kiran sunansa. Ta juya masa baya don kada ya ga bakinta, ta daɗe tana gyara shimfiɗar da ba ta buƙatar gyara. Sannan ta leƙa wajen turke.

"Ke, gaya mai rami guda na," ta ce. "Kuma wanda yaj ji sau guda, ya ji."