Zaren da Velika Ta Ɗaura

Tun ranar da aka sauke bishiyoyin sabon lambun unguwarsu daga mota hankalin Velika bai kwanta ba. A gonar inabi ta tashi, kuma ba ta taɓa ganin mai dashe ya binne saiwa a cikin buhunta ba, balle ya juya ya tafi ko guga ɗaya na ruwa bai zuba ba.

"Ke dai ba kya rabo da zargi," in ji mijinta Gancho daga kan kekensa na guragu. "Doka ce. Duk wanda ya gina benaye da kantuna masu yawa haka, dole ya bar wa jama'a lambu, ko hukuma ta hana shi buɗewa."

"Dokar ce za ta yi ban-ruwan?"

Ya yi dariya da rabin bakinsa. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, iyakar tafiyarsa ƙofar gida, ga zafin garinsu Plovdiv ba ya wasa. Filin da suke shan inuwa a da, shi kamfanin da ya yi ginin ya cinye. Wannan lambun kaɗai ya rage masa.

Watan Maris ne, kowa da martenitsa a wuyan hannu, zaren nan ja da fari da ake ɗaurawa a reshe in an ga shamuwar farko. Ranar da Tonev, jami'in hukuma, ya zo duba lambun, sai ga shamuwa ta gifta. Velika ta kwance nata, wanda ta murza da kanta ta saka masa shuɗin dutsen ado, ta ɗaura a wata bishiya mai karkataccen wuya. Tonev ya ɗaura nasa kusa da nata yana washe baki.

"Allah ya kai mu baɗi, Lelya," ya ce, domin haka unguwa ke kiranta, innar kowa. Sannan ya sa hannu a takarda.

Ba a jima ba bishiyoyin suka yi ɓatan dabo. Mai gadi ya ce cuta ta kama su, an kai su jinya. Jinya, sai ka ce awaki! Ciyawar ma aka naɗe ta kamar tabarma, sai ga siminti a ƙasa, har da farin layin ajiye motoci.

"Za su dawo da su," in ji Gancho. Kullum da safe sai ta tura shi bakin taga ya duba.

Wata rana ta je gaida ƙanwarta a ɗaya gefen gari. A can ma kamfanin ya gama wasu benaye, ga lambu kore shar. Ƙafarta ta tsaya da kanta. Karkataccen wuyan nan ta san shi. Ga zarenta ya koɗe, ga shuɗin dutsen, ga na Tonev a gefensa. Ga kuma Tonev ɗin kansa a gindin bishiyar, da biro a hannu.

"Ranka ya daɗe, ka gane zarenka?"

Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon reshen. "Zare ai duk iri ɗaya ne, Lelya." Ya jingina takardar a jikin bishiyar ya sa hannu.

Ta miƙa hannu zuwa reshen. Ta kwance nata, ta bar masa nasa.

A gida ta tarar da Gancho a bakin taga.

"Kin ji labarin bishiyoyin?"

Ta buɗe hannunsa mai lafiya ta saka masa zaren. Ya juya shuɗin dutsen da yatsa, ya dubi motocin da ke jere a ƙasa.

"Ja labulen, Velika," ya ce. "Rana ta yi yawa."