Takardar da Ba Ta Sha Jan Biro Ba

Shekara arba'in Saturio yana busa ƙaho a ƙauyensu da ke tsaunukan Soria, yana shelar umarnin magajin gari: kowa ya ɗaure karensa, kada a taɓa ruwan tafki ran Talata. Amma ba ya buɗe baki sai ya kai wa Malama Herminia takardar ta duba. Ita ta koya wa rabin ƙauyen juya aikatau a Sifaniyanci, na umarni daban, na fata daban, kuma takardarsa ba ta taɓa fita hannunta ba tare da ta sha jan biro ba.

"Kai dai kanka dutse ne," takan ce. "Umarni kake ba mutane ko roƙonsu kake yi?"

"To Malama, in na iya, wa zai riƙa kawo miki ƙwai?"

Yanzu makarantar ta zama ɗakin itace. Mutum tara suka rage a ƙauyen, rabinsu kurame. Ga shi kuma ɗan Malama zai zo daga Zaragoza ran Asabar ya tafi da ita gaba ɗaya, wai ƙafa ta ƙi. Abin ya tsaya wa Saturio a rai. In ta tafi, ko wanda zai yi wa gardama ba shi da shi.

Kwana uku yana fama da rubuta layi biyu. Ran Asabar da hantsi ya same ta zaune kan akwati, ya miƙa mata. Ta sa tabarau, ta zaro biron.

Ga abin da ya rubuta: "Ana sanar da jama'a, kada Malama ta tafi. Da ma ta zauna, ko zuwa bazara ne."

"Umarnin wa ke nan?"

"Nawa ne."

Sau uku tana bin layukan.

"Ba kuskure ko ɗaya, ja'iri. Sai yau!" Ta danƙa masa biron. "Riƙe. Ka sauke karatu."

Can sai ga motar ɗanta a ƙofa.

Da ƙurar motar ta lafa, Saturio ya tsaya tsakiyar dandali, ya busa ƙaho, ya karanta shelar da iyakar muryarsa. Babu tagar da ta buɗe. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, nan hannunsa ya taɓa ƙwai biyun da ya manta bai ba ta ba.