Ƙara ta Goma

"Tara ne, Baba," in ji ma'aikaciyar ofishin tallafi, ta turo masa takardar 'yan sandan da ya kawo. "Masu ba da tallafin kuwa goma suka ce. Ba ni da ikon ƙara ko ɗaya."

Mai Kekuna ya gyara zama a kujerar roba. Shekara huɗu ke nan tallafin nan ke biyan hayar rumfar da yake koya wa matasan unguwa gyaran keke. Ba kowace unguwa ake ba wa ba, sai wadda fitinar matasa ta addaba, ma'aunin fitinar kuwa shi ne yawan ƙarar da aka rubuta a littafin 'yan sanda cikin shekara. Lokacin da ya fara, tasu ta haura sittin.

"To 'yata, laifinmu ke nan da yaran suka shiryu?"

"Wallahi ni ma abin ya dame ni. Amma sai ƙarfe huɗu za a rufe karɓa. In akwai ƙarar da ba a shigar ba, a shigar, ka kawo mini sabuwar takarda."

Akwai mana! Ai sun fi talatin. Sai dai shi da kansa ya hana su isa ofishin 'yan sanda. Yaro ya fasa fitilar wani ko ya sace wa mota iska, kafin mai abu ya sa takalmi Mai Kekuna ya iso da tef ɗin awonsa da ban haƙuri. Ya gyara ɓarna, ya sa yaro ya durƙusa, magana ta mutu. Matarsa takan ce ya fi ɗan sanda sintiri, ga shi ba hula ba albashi. Ashe duk ƙarar da ya kashe, ƙusa yake zarewa daga rufin rumfarsa.

A motar haya ya yi ta tunanin yaran rumfarsa. Yara ashirin da uku. In aka rufe rumfar, ƙarƙashin gadar da ya tsinto su za su koma, ya san wannan kamar yunwar cikinsa.

Ya sauka wajen ƙarfe biyu da rabi, sai ya hangi taro a ƙofar shagon ɗinkin da ke kallon rumfarsa. Gilashin taga ya zube a ƙasa. Tsohuwar tela mai shagon ta damƙe wuyan rigar Dogo, babban ɗalibinsa, wanda a da ba a kwana uku ba a ji ta'asarsa ba. Mako mai zuwa zai fara aiki a kamfanin haɗa babura, kuma sharaɗinsu ɗaya ne: kada a ga sunansa a littafin 'yan sanda bana.

"Yauwa, ga ubanku nan!" in ji tela. "Malam, ina zaune ina ɗinki yaron nan ya yi mini sallama, ya ce in matsa gefe, sannan ya ɗauki dutse. Ka taɓa ganin ɗan iska mai ladabi haka? Ko gudu bai yi ba."

Dogo ya sunkuyar da kai. "Baba, jiya na ga takardar a kan tebur. Tara ne. Ka bari ta kai ni."

"Aikin naka fa?"

"Ni ɗaya ne. Su ashirin da biyu."

Mai Kekuna ya dubi rumfar. Yaran sun yi cirko-cirko a bakin ƙofa, hannuwa duk baƙin mai. Ofishin 'yan sanda tafiyar minti goma ce, lokaci kuma bai ƙure ba. Abin da zai yi kawai shi ne ya yi shiru.

"Inna, ki yi haƙuri ki sake shi," ya ce. "Gilashinki a wuyana."

Ya laluba aljihu ya zaro tef ɗin awo, ya miƙa wa Dogo bakinsa.

"Baba, don Allah..."

"Riƙe nan. Ja da kyau, gilashi ba ya son kuskure."

Dogo ya riƙe, hawaye na ɗiga a kan tef ɗin. Ƙarfe huɗu ta same su a shagon mai gilashi, ana yanka musu.