Tsinin Allurar Mai Jego

Ranar da 'yarta ta fitar da haƙorin farko, Mai Jego ta shiga kamfanin ɗinki bakinta har kunne. Wata bakwai ke nan da haihuwarta, amma sunan ya manne mata, har Manaja da shi yake kiran ta. Tun daga bakin ƙofa take shela.

"Ya fito! Wallahi ya fito, fari tas! Ta cije ni da safe sai da na yi ƙara!"

"Allah ya raya," in ji Doguwa, mai keken da ke kusa da nata. "Ke aka ciza, ke ce kuma mai murna. In suka kai goma sai a faɗa a rediyo."

Rigunan jarirai suke ɗinkawa, kuma ko ɗaya ba a sayarwa a gida, duk ƙasar waje ake kaiwa. Mutum ɗaya ne yake kwashewa, babu wadda ta taɓa ganin sa, Mai Saye kawai ake ce masa. To, a watan nan ne Manaja ya tara su, fuska ba walwala. Ya ce ƙasar Mai Saye ta yi sabuwar doka: aka samu ƙarfe ko kamar ƙwayar yashi a rigar jariri, an rufe musu ƙofa. Ya ce Mai Saye yana da wani kamfani a wata ƙasar da ke jiran su yi tuntuɓe. Shi Manaja ya sayi injin gano ƙarfe, amma yana can tashar jirgin ruwa, takardu sun riƙe shi.

"Saboda haka, duk wadda allurarta ta karye ta tsayar da keke. Ta tattaro gutsattsarin duka ta kai wa Anti Babba mai kula da ku, a haɗa a ga ta cika, sannan a ba ta sabuwa. Wadda ta ɓoye, ta ɗauki jakarta."

Kowa ta ce to. Amma wace mai ɗinki ce ba ta da allura ɗaya soke a gefen ɗankwali? Haka suka koyi sana'ar tun suna yara: ta karye, ki yar, ki sa wata.

Ran nan kuwa ranar lodi ce. Mota tana tsakar gida, ana ta jera kwalaye. Jiragen ruwa sun daina bin gajeriyar hanya saboda wani rikici can, yanzu in ka rasa ɗaya sai ka jira sati shida. Mai Jego tana ɗinki tana ba Doguwa labarin haƙori karo na huɗu, kanta a juye, sai ji ta yi ƙas! Allura ta hau maɓalli.

Ta duba. Ga gindin, ga tsakiyar. Tsinin babu. Ta kakkaɓe zaninta, ta shafa tebur, ta leƙa ƙasa. Babu.

"Na shiga uku," ta ce a hankali.

"Rufe bakinki," in ji Doguwa, ba ta ko ɗago kai ba. "Yau ranar tsayar da keke ce? Ciro taki ki sa."

Ta zare ta ɗankwali ta ɗaura. Riguna suka ci gaba da wucewa wurin guga, daga nan cikin kwali.

Da tsakar rana surukarta ta kawo jaririyar bakin ƙofa ta sha nono, kamar kullum. Yarinyar ta sha kaɗan ta saki, ta cafko wuyan 'yar rigar da ke jikinta ta cusa a baki tana ta gurza dasashi, yawu har ƙirji.

"Komai ta samu sai baki," in ji surukar. "Jiya har igiyar takalmin babanta. Ke lafiya? Kin yi wani iri."

"Lafiya lau, Mama."

Ba lafiya ba. Ta miƙa yarinyar, tana tunanin wani jaririn can da zai cusa rigar da ta ɗinka a baki. Aikin nan shi ne madara, shi ne asibiti, mijinta kuwa wata uku ke nan babu abin yi. Ta wuce kekenta, Doguwa tana yi mata ido, ta tsaya gaban Anti Babba ta buɗe tafin hannu.

Anti Babba ta jera gutsattsarin biyu a kan takarda, ta dube su, ta dube ta.

"Tun yaushe?"

"Tun wajen ƙarfe goma, Anti."

"Tun goma! Ke kam kin kashe mu."

Manaja ya fito da waya a kunne. Da ya ji, sai da ya dafa bango. Direba yana ta danna oda, ya ce in bai tashi ƙarfe biyu ba jirgi ya wuce. Anti Babba ta matso ta rage murya.

"Yallaɓai, ƙila ma a ƙasa ya faɗi. Wa zai sani?"

"In ba a ƙasa ya faɗi ba fa? Can suna da injin da mu ba mu da shi." Ya share gumi. "A sauke duk kwalin da aka rufe daga ƙarfe goma."

Kwali sittin da ɗaya. Aka kashe kekuna, mata arba'in suka zauna a ƙasa suna lalube riga ɗaya bayan ɗaya, wuya, hannu, kalmasa. Ba wadda ta yi wa Mai Jego magana. Wata dai ta ce, yadda kowa zai ji, "Wasu sun zo aiki, wasu sun zo tallar haƙori." Hawayen Mai Jego na ɗiga a kan rigunan, tana gogewa da sauri kar su yi tabo.

Ƙarfe biyu ya wuce. Direba ya kashe mota ya tafi neman inuwa.

Wajen la'asar bakaniken kamfanin ya dawo daga sayen kayan gyara, ya tarar da wurin kamar gidan makoki. Ya tambayi wane keke ne. Ya kwance farantin da ke ƙarƙashin allura, ya zura maganaɗisu, ya ɗago. Ga tsinin nan manne, ɗan mitsitsi.

"Ai nan ake fara dubawa," ya ce. "Ba wanda ya iya kira na?"

Ya miƙa tsinin. Anti Babba ta karɓa ta ajiye kusa da sauran biyun. Allura ta cika.

Manaja ya shiga ofis ya rufe ƙofa, ana jiyo muryarsa yana ta ba Mai Saye haƙuri da Turanci. Ya daɗe. Da ya fito ya ce Mai Saye bai janye ba, amma ya raba aikin wata mai zuwa biyu, rabi ya ba wancan kamfanin. Daga Litinin kwana uku za a riƙa zuwa a sati, kowa da kowa.

Sannan ya juyo. Mai Jego ta riga ta rungume jakarta.

"Ina za ki?"

"Yallaɓai, ai ka ce wadda ta ɓoye..."

"Kin ɓoye awa uku, kin faɗa. Ajiye jakar. Cire ɗankwalin nan Anti ta duba. Duk ku cire."

Allura ashirin da bakwai aka tara a kan tebur, huɗu daga kan Doguwa.

Mai Jego ta koma kekenta ta zauna. Doguwa ta ja kujerarta gefe, ta juya mata baya.