Fitilar Motar Maman Lawali

Yaya Wada mutum ne da ko kaza ta dube shi sau biyu sai ya tambayi wa ya aiko ta. Ni Tani ƙanwarsa ce, ni ke dafa zogalen garkarsa ta Jiratawa in kai Maraɗi in sayar, don haka na san halinsa ciki da bai. Amma ba zan ga laifinsa duka ba. Bara ɓarayi sun bi garake sun kwashe injinan ban-ruwa, har da nasa. Sai da ya sayar da bijiminsa kafin ya sami wani, ja, ɗan ƙarami. In wannan ya tafi, zogale ya tafi, tukunyata ma ta huta. Kullum da yamma sai ya tura injin cikin rami kusa da rijiya, ya rufe da kara da busasshen ganye, don duk ƙanƙantarsa ya fi ƙarfin a riƙa ɗaukarsa zuwa gida.

Ana nan sai ga wata kat-kat fara ta fara bin hanyar garake, bayan isha'i ta wuce, kafin asuba ta komo. Wayyo, wannan mota! Fitilunta na gaba a mace suke, sai wata doguwar fitila a kan rufi, irin wadda ake shiga hamada da ita. In ta kunno kai, har jijiyar ganyen zogale kana gani. Jakin Kabo maƙwabcinmu ya taɓa faɗawa kwata da kurar kayan da yake ja saboda ita. Mu kuwa a nan, direba in ya hangi mutane yana rage haske, ya ɗaga hannu a gaisa. Wannan ko oho, ya dalle ku ya wuce, ba ku ga ko inuwar fuskarsa ba.

"Tani, mai gaskiya ba ya ɓuya bayan haske," in ji Yaya Wada. "Wanga ƙirga injinan mutane yake."

Ya shiga bincike. Ya gano mai motar sunansa Maman Lawali, a unguwar Zariya ta Maraɗi yake haya, kwanan nan ya komo daga wajen haƙar zinariya a arewa. Kabeji da albasa yake saye a garaken can ƙarshe, ya kai Maraɗi da Tsibiri kafin kasuwa ta ci. Na ce to ai shi ke nan, ɗan kasuwa ne. Yaya ya harare ni. "Ke dai dafa zogalenki. Ɓarawo zai ce miki sata ya zo yi?"

Wata safiya muka ci karo da mai motar a Sabon Gari yana sauke buhuna. Yaya ya tare shi ko sallamar kirki babu.

"Kai ne ke makantar da mu? Mi kake nema a garakenmu?"

Mutumin ya sunkuya ya gaida shi. "Baba, ku yi haƙuri. Wayoyin fitilun gaba ne suka ƙone, bakanike ya ce sai an kawo wasu. Ta saman nan kuwa ba ta da ragi, ko a kunne ko a kashe. In na kashe ta zan hau kan wani."

Wallahi ni tausayi ya ba ni, idanunsa jajir don rashin barci. Yaya kuwa da muka juya sai ya ce, "Kin ji yadda amsar ta fito sumul? Ya daɗe da shirya ta."

Daga nan bai zauna ba. Ya bi manoma ɗaya bayan ɗaya, ya kai magana wurin mai gari, daga can suka rankaya ofishin jandarma. Jandarma suka ce ai dama irin wannan fitila ta daji ce, ba a shiga cikin mutane da ita. Suka tsare motar a hanya, suka kai ta ofishinsu, suka ce sai an gyara fitilun gaba an cire ta rufin za a sake ta. Ranar Yaya har tsire ya saya mini, abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife ni. Hanyar garake ta koma duhunta, jakuna suka sami lafiya.

Ba a rufa mako ba, na iso garka da kwandona da sassafe na tarar da Yaya tsaye a bakin ramin. An yaye karan gefe guda. Tiyo a yanke, bakinsa na ɗigar ruwa. Inji babu, na Kabo ma babu. Na ajiye kwandon a ƙasa.

"Shi ne!" Yaya ya daka tsawa. "Ramuwa ce! Taso mu tafi."

Muka hau kabu-kabu har ofishin jandarma, yana ta sababi a hanya. Abin da muka fara gani a farfajiya shi ne farar kat-kat, tayarta ɗaya a sace, tsuntsaye sun ɓata gilashin. Ko motsawa ba ta yi ba tun ranar da aka kawo ta. Duk da haka Yaya bai saduda ba, ya ce ai Maman Lawali yana da yara, su ya tura.

Wani jandarma mai furfura ya bar shi ya gama, sannan ya ce, "Malam Wada, zauna. Yau da asuba an kama samari biyu a hanyar Ɗan Isa, sun amsa laifinsu. Su ne na bara ma. Ba su san wani Maman Lawali ba."

"To mi ya hana su zuwa duk watannin nan, sai yanzu?"

"Mun tambaye su. Sun ce tun farkon rani suke son shiga garakenku, amma motar sintirinmu mai babbar fitila ta hana su sakat, ba su san sa'ad da za ta ɓullo ba. Da suka ga ta daina zuwa, sai suka shigo." Ya gyara hularsa. "Mu kuwa ba mu taɓa yin sintiri a hanyar nan ba."

Can Yaya Wada ya ce, a hankali, da muryar da ban san shi da ita ba, "Injin fa? Ja ne, ɗan ƙarami."

"Sun riga sun ƙetare iyaka da shi, Malam. Sai dai haƙuri."