Garin da Babu a Taswirar Poland

Kofin shayin ya suɓuce daga hannun Murja ya tarwatse a tsakiyar kicin ɗin Clara. Ta durƙusa tana tsince fasassun tana ba da haƙuri.

"Bakomi," in ji Clara, ta miƙo mata tsintsiya.

Murja ta ɗago kai. "Me kika ce?"

"Bakomi. Yaren Poland ne. Wato kada ki damu."

Sun daɗe suna maƙwabtaka a layin nan na Levenshulme a Manchester, bango ɗaya ya raba su, amma hirarsu ba ta wuce ta kwandon shara da ruwan sama. Sai da council, hukumar garin, ta rage ma'aikata, ta sallami Murja daga ofishin akanta, ta rufe laburaren da Clara ke aiki, sannan zaman gida ya haɗa su shan shayi. Da Turanci suke hira, kuma Murja ba ta taɓa yin Hausa a gabanta ba.

"Wa ya koya miki?"

"Kakana Alfred. Kowa a gidanmu yana faɗa. In muna wasa da abinci sai ya ce mazamaza. In aka kawo labari mai daɗi, madala."

Murja ta zauna daɓas a ƙasa, tsintsiya a hannu, dariya ta ƙwace mata har da hawaye.

"Clara, wannan yarena ne. Hausa ce. Hausar Kano!"

Clara ba ta yi dariya ba. Tun rasuwar mahaifinta take neman asalin gidansu. Kakan ya zo Ingila bayan yaƙin duniya, ya auri Baturiyar Birmingham, bai taɓa faɗa wa kowa inda aka haife shi ba. Kalmomin nan ne kaɗai abin da ya bari a bakin 'ya'yansa. Ta kai su kulob ɗin 'yan Poland, tsofaffin mata suka juya su suka ce ba nasu ba ne, ƙila na Lithuania.

"Yana da rai?" Murja ta tambaya.

"Yana gidan tsofaffi a Aston. Ya haura casa'in. Ya daina magana tun bara, ko da tafintan Poland bai ce uffan ba. Gidan ma rufe shi za a yi, ƙarshen makon nan za su kwashe su."

"Ɗauko rigar sanyinki."

A cikin jirgin ƙasa Murja ta kira mijinta Rabe a asibiti.

"Baban Raki, ka ɗauko yara daga school, ina train."

"Wane train kuma?"

"Na Birmingham. Za ni gaida wani tsoho ɗan Poland mai jin Hausa."

"Murja, rashin aikin nan ya fara taɓa ki."

Ta ba shi labari a gurguje. Sai muryarsa ta canja.

"Tsaya. Kakana da ya je yaƙin Bama ya sha faɗa mana, wai a cikin hafsoshinsu akwai Turawan da ba su iya Turanci sosai ba, da Hausa suke ba da oda. Mu muna cewa tsufa ne! Wallahi da ba ina on call ba da na biyo ku. Ki yi recording."

Clara ta shimfiɗa tsohuwar taswirar Poland a kan tebur, duk ta sha zanen jan biro. 

"Akwai kalma ɗaya da ban faɗa miki ba. Sunan ƙauyenmu. In ya yi shiru ya daɗe sai ya ambace shi. Na duba taswirar da, na duba ta yanzu, babu. Kubura."

Murja ta kalli taga. Mai kitson unguwarsu a Fagge sunanta Kubura. 

"Bari mu ji daga bakinsa," ta ce.

Kwalaye ne jere a barandar gidan tsofaffin, an riga an sauke hotunan bango. Alfred na zaune kusa da taga, bargo a gwiwa, dogon mutum da ya rage ƙashi da fata. Clara ta sumbaci goshinsa, bai ko kalle ta ba.

Murja ta gyara mayafinta, ta durƙusa kamar yadda za ta yi wa kowane tsoho.

"Baba, ina wuni?"

Idonsa na kan taga. Ta ji kunya ta fara kama ta, ta janyo baiwar Allah tun daga Manchester a kan kalma uku. Sai idanun tsohon suka juyo a hankali.

"Lafiya lau," ya ce. Muryar ta fito a shaƙe, kamar ƙofar da ta daɗe a rufe. "Ina gajiya?"

Clara ta toshe bakinta da hannu biyu.

"Ba gajiya, Baba."

"Kai wane ne? Wane kamfani?"

"Ni ba soja ba ce, Baba. Mace ce."

"Mace a bariki da rana tsaka!" Ya kaɗa yatsa. "Saje Falalu ya gan ka, ka shiga uku."

Hausar bariki ce zalla, babu ke babu ta, kowa kai ne. Murja ta yi dariya, shi ma ya wangale baki babu haƙori. Wata ma'aikaciya ta leƙo da kwali a hannu, ta tsaya cak, ta ruga kiran sauran.

Clara na mintsinin kafaɗarta. "Tambaye shi! Tambaye shi inda aka haife shi!"

"Baba, ina ne garinku?"

"Kaduna."

"A'a, garinku na haihuwa. Garin babanka."

Ya yamutsa fuska. "Babu shi. Rasha ya cinye." Sannan ya ce, "Pinsk. Ruwa da sauro. Kamar Lakwaja."

Wannan bai buƙaci tafinta ba. Clara ta zube a kan taswira tana bin ta da yatsa, ta wuce jan bironta duka, ta yi gabas, can bayan iyakar yanzu.

"Ga shi! Ga shi nan! Ashe a wata ƙasar nake nema!" Tana kuka tana dariya, ta rungume Murja, ta rungume ma'aikaciyar da kwalinta. "To Kubura fa? Ƙauye ne kusa da Pinsk? Jadek, Kubura?"

Jadek suke ce masa, wato kaka. Bai ji wannan ba, ɗaya sunan ya ji. Ya kamo hannun Murja da ƙarfin da ba ta zata ba.

"Kubura ta sauka?"

A nan bai yi kuskuren ta ba.

"Me ya ce?" in ji Clara.

"Yana tambaya ko ta iso lafiya."

"Ta? Mutum ce?"

"Sunan mace ne, Clara. Na ƙasarmu."

"Daga ina za ta iso? Tafiya ta yi?"

Tsohon bai gama ba.

"Gobe jirgi zai tashi da mu. Saje ya ce zai aiko, bai aiko ba." Ya girgiza hannunta. "Ta sauka? Namiji ko mace?"

Sai yanzu Murja ta gane wace sauka yake nufi. Ba ta mota ba ce, ba ta jirgi ba.

Ta kalli tsohon. Ya yi aure a nan, ya haifa, ya binne mata da ɗa, bai taɓa faɗin wannan da Turanci ba. A gida, in tsoho ya yi irin wannan suɓul da baka, cewa ake ruɗewa ce, a ja masa bargo, a canja zance. Clara ta riga ta sami abin da ta zo nema, yatsanta ma na kan sa. Murja na iya cewa ya gaji, babu wanda zai ƙaryata ta a ɗakin nan.

Amma hannun bai sake ta ba, amsa yake jira. Ta so ta ce masa lafiya lau, namiji ne, ya girma. Ba ta sani ba.

"Ban sani ba, Baba," ta ce. "Amma za a tambaya. Wace unguwa take?"

"Bayan bariki. Babanta mahauci."

"To. Za a tambaya."

Ya saki hannunta, ya jingina, ya lumshe ido.

"Murja, don Allah," in ji Clara. "Me yake cewa?"

Murja ta miƙe, gwiwoyinta sun yi tsami. Ta janyo kujera ta ajiye a gaban Clara.

"Zauna. Akwai kalma biyu da bai koya muku ba, kuma za ki buƙaci ɗaya. In namiji ne, Baffa za ki ce masa. In mace ce, Goggo."