Ɗakin da Kowa Gwani Ne

Na daɗe ina roƙon kwamitin taronmu na masana sadarwar kwamfuta su ba ni ɗaki in shirya bita, inda mutane za su taɓa na'ura da hannunsu maimakon sauraron takardu har barci ya kwashe su. Sai bana suka yarda. Shugaban kwamitin, Farfesa, ya ja min kunne.

"Malama, gwaji ne fa. In abin ya watse, kada ki sake tayar da maganar."

Maigidana ne ya taya ni hawa bene da akwatunan kaya, yana haki yana tambaya ko ƙaura muka yi ba a gaya masa ba. Igiyoyin kwamfutocin kuwa da hannuna na bi na manne su a ƙasa da salatif, kada wani babba ya yi tuntuɓe.

Ana farawa intanet ya soma jan ƙafa, can ya tsaya cak. Da likitoci na tara, da sun zauna sun jira a gyara. Amma ɗakina kowa gwani ne. Wannan ya zaro 'yar na'urar wayifai daga jaka ya kunna, wancan ya buɗe na wayarsa, kowa yana cewa, "Ku hau nawa!" Na'urorin suka rinƙa danne juna, kamar mutanen da kowa ke ihu don a ji shi. Duk wanda ya kawo taimako ƙara kashe layin yake yi, kuma wallahi sun fi ni sanin haka.

Raina ya ɓaci, na buga tebur.

"Kowa ya kashe nasa! Darasin yau ya canza. Ku buɗe kwamfutocinku ku auna sigina, duk na'urar da ta rage a kunne mu kamo ta."

Sai ga manyan malamai sun miƙe suna zagaya ɗaki, kwamfuta a hannu, suna leƙa jakunkunan juna suna tuntsira dariya. Aka kama su ɗaya bayan ɗaya, saura guda mai ƙarfin tsiya. Wata daktar kwamfuta ta bi siginarta har bakin ƙofa, inda Farfesa ya harɗe hannu yana kallon yadda za ta ƙare da ni.

"Ranka ya daɗe," in ji ta, "aljihunka."

Ya laluba ya zaro na'urar, fitilarta na ƙyaftawa.

"Ai taimaka mata nake yi," ya ce, ya kashe.

Nan take layi ya kawo, ɗaki ya ɗauki tafi. Daɗi ya kama ni. Lokacin cin abinci ya yi, ba wanda ya motsa daga kujerarsa.

Da aka tashi, Farfesa ya same ni ina naɗe igiyoyi.

"Malama, baɗi ɗakin nan zai yi miki kaɗan. Ki ɗauki babban zaure."

"Na gode, ranka ya daɗe," na ce. "Amma a bakin ƙofa za a rinƙa caje aljihu, kuma da kai za a fara."